Ƙirjin sikuta: yadda ake tsara shi, da abin da ke karya shi a titunan Kumasi

Duk wanda ya saba ratsa layukan Aboabo, Asawase ko Sabon Zango a nan Kumasi ya san irin sikutar da nake nufi. Inji lafiya lau, bugu ɗaya ta tashi, amma gabanta duk ɗinki ne: an huda roba an ɗaure da waya, wani gefen ya buɗe baki, da ta hau tudun rage gudu sai ka ji kwaram-kwaram tun daga nesa. In ka tambayi mai ita, zai ce robar yanzu ce ba ta da ƙwari. Da gaskiyarsa, amma rabi ya faɗa. Yawancin wuraren da gaban sikuta ke tsagewa, tun a teburin mai zane aka ƙaddara nan ne zai tsage, domin mai zanen nan wata hanya ce a ransa, da wata irin rana, da wani irin mai gyara, ba namu ba.

Gaban sikuta, wato ƙirjinta, ba abu ɗaya ba ne. Akwai murfin waje mai fenti da sheƙi, wanda ido ke fara gani. A bayansa akwai garkuwar ciki, baƙa mai ɗan kaushi, wadda gwiwar mahayi ke fuskanta, inda makulli da ƙugiyar rataya kaya suke. Sai murfin kai da ya lulluɓe hannayen tuƙi da agogon gudu, sai murfin tayar gaba. Tsakanin murfin waje da garkuwar ciki akwai ɗan ɗaki mai duhu, a nan wuyan ƙarfen babur ya ratsa, a nan hon yake da tarin wayoyi, a wasu ma har da batir. Duk wahalar aikin tsarawa a cikin wannan ɗan ɗaki take.

Asalin siffar daga Italiya ta zo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Enrico Piaggio, wanda masana'antarsa ta jiragen sama da ke Pontedera ta sha ruwan bama-bamai, ya ɗora wa injiniya Corradino D'Ascanio aikin ƙera abin hawa mai sauƙin kuɗi. D'Ascanio mutumin jirgin sama ne, babur bai taɓa burge shi ba, saboda ƙazantar mai da laka da wahalar canza taya. Sai ya tura inji baya ya rufe shi, ya buɗe tsakiya yadda mai siket za ta shiga ta zauna ba tare da ta ɗaga ƙafa ba, ya kafa garkuwa a gaban ƙafafu. Vespa ke nan, a 1946. A jikinta garkuwar ba sutura ba ce, ita ce ƙashin babur ɗin: falankin ƙarfe ne aka matse aka yi masa walda ya zama jiki guda mai ɗaukar nauyi, shi ya sa in ta yi karo mai tsanani, babur ɗin ne kacokan ya lanƙwashe. Kamfanin Innocenti na Milan ya fito da Lambretta a 1947 ta wata hanyar: ƙashi na bututun ƙarfe, sauran jiki a rataya a kai. A 1958 kuma Honda ta fito da Super Cub, ta yi garkuwar ƙafa da murfin taya da roba, kuma zuwa 2017 ta ƙera fiye da miliyan 100. Yawancin sikutocin Sin da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema yau gadon waɗannan biyun suka haɗa, ƙashin bututu da suturar roba. A Indiya akwai irinsu Honda Activa da suka riƙe murfin ƙarfe, saboda masu saye a can suna son abin da za a buga ya miƙe.

Abin da D'Ascanio ya nema shi ne har yau yake sayar da sikuta a Zango. Malamin da ya sa farar jallabiya ranar Juma'a yana so ya isa masallaci ba jar laka a gefen rigarsa. Hajiya mai abaya ko zani tana so ta zauna ƙafa a haɗe, kamar yadda matan Tamale suka daɗe suna yi. Wannan shi ne aikin ƙirji na farko, kuma duk ƙirjin da ya kasa shi ya kasa, komai kyansa.

Mai zane na gaske ba da kyau yake farawa ba. Yana farawa ne da abubuwan da ba su motsuwa don son ransa. Taya tana da girmanta, inci 10 ko 12 a yawancin ƙananan sikutoci, 14 a wasu. In ta faɗa rami, fok, wato ƙarafan da ke riƙe tayar gaba, zai nutse wajen santimita 8, to dole a bar wa taya wannan fili don kada ta dunguri ƙasan ƙirji. Kai yana juyawa dama da hagu wajen digiri 40, kuma a iyakar juyawar bai kamata murfin kai ya goge murfin waje ba, bai kamata yatsan mahayi ya matse a tsakani ba, bai kamata wayar birki ta ja ba. Sai gwiwa. Kamfani yana auna ta ne da jikin mutanen kasuwar da ya nufa, don haka dogon mutum a nan kan ga gwiwarsa na dukan garkuwar ciki duk lokacin da ya taka birki da ƙarfi. Sai an gama tsayar da waɗannan iyakoki sannan a ce wa mai alƙalami bismilla.

Maganar iska ana yawan zuzuta ta a talla fiye da yadda take. Gaskiya ne ƙarfin da iska ke tura abin hawa da shi yana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu, wato abin da za ka ji a kilomita 80 cikin awa ya ninka na kilomita 40 har sau huɗu. Amma wa ke gudun 80 tsakanin Kejetia da Alabar? A cikin gari, kaifin hancin sikuta ba ya rage maka fetur ɗin da za ka lura da shi, kuma jikin mahayi ne ya fi tare iska, ba robar ba. Inda iska ta shafe mu shi ne bayan garkuwa. Iskar da ta rabu gida biyu a gaba takan murɗo ta dawo ciki, ta kwaso ƙura da feshin ruwa ta zuba a gwiwa. Ƙaramin leɓe da aka lanƙwasa a gefen garkuwa, wanda bai fi faɗin yatsa ba, shi ke jefa ruwan nesa da ƙafa. Da yawa daga cikin sababbin zane sun sadaukar da wannan leɓen don ƙirji ya fito siriri mai kama da na tsere, kuma damina ɗaya ta isa ta nuna wa mai shi abin da ya rasa. Faɗin ma ciniki ne: in garkuwa ta yi faɗi ta kare ƙafa sosai, amma ta sha guga a tsakanin pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, da tirotiro, ƙananan motocin haya, in ta yi ƙunci ta kuɓuta daga guga, ƙafa kuma ta jiƙe.

Fitila ma sai an zaɓa mata gida. In aka ɗora ta a kai, haske na bin inda ka juya, abin da ke da amfani a lungunan da babu fitilar titi kuma ga kwata a buɗe. In aka dasa ta a ƙirji, kai ya yi sauƙi a hannu, fitilar ta samu girma, sai dai ta sauko inda karo ke fara samu, kuma nauyinta ya koma kan kunnuwan roba masu riƙe murfi. A irin hanyoyinmu, ni na fi natsuwa da fitilar kai.

Daga zane sai yumɓu. Manyan kamfanoni har yanzu suna sassaƙa babur sukutum da wani yumɓu na musamman da ake ɗumamawa kusan digiri 60 kafin ya yi laushi, a kankare, a duba yadda haske ke kwanciya a jikinsa, sannan na'ura ta ɗauki siffar ta zuba a kwamfuta. Daga nan ake yanka mazubin ƙarfe, rabi biyu, wanda za a riƙa harba narkakkiyar roba a cikinsa da zafin da ya haura digiri 200. Cikin minti ɗaya ko makamancin haka murfi ya fito. Mazubin nan ne ke cin dubun-dubatar daloli, kuma shi ke mulkin duk wata siffa da kake gani. Babu bangon da zai tsaya cak a miƙe, dole ya ɗan kwanta digiri ɗaya ko biyu, kamar yadda mai buga bulo ya san in bakin abin bugunsa bai ɗan buɗe ba, bulo ba zai fito lafiya ba. Kaurin roba dole ya daidaita, milimita 2 zuwa 3 ko'ina, domin inda ya yi kauri yana jinkirin hucewa, ya janyo fuska ta lotsa.

Juya murfin ka dubi bayansa, a nan labarin yake. Za ka ga sirara-siraran haƙarƙari da aka jera don ƙara ƙwari, waɗanda kaurinsu bai kamata ya wuce kimanin rabin na bango ba, in ba haka ba inuwarsu ta fito a fuskar fenti. Za ka ga 'yan turaku masu rami inda sukuru ke shiga, da kunnuwa masu ƙugiya da ke zamewa cikin ramukan maƙwabcinsu. Sa yatsa a gindin kunne ɗaya ka shafa. In ka ji kwana mai kaifi inda kunnen ya haɗu da bango, to nan zai karye, domin girgiza tana taruwa ne a kaifin kwana. In ka ji an zagaye gindin, an ƙara masa 'yar madogara a gefe, wanda ya zana ya san aikinsa. A nan kuma za ka ga haruffa a tsakanin alamomi biyu masu kama da kan kibiya, ABS ko PP, kuma wannan 'yar rubutun ta fi sunan kamfanin da ke gaba amfani ga mai gyara.

ABS ita ce robar murfin waje. Tana da tauri, tana karɓar fenti, tana sheƙi, amma in ta ji duka sai ta tsage, kuma rana tana cin ta in fenti ya kau. PP ita ce baƙar ta ciki. Tana lanƙwasa ta dawo, fetur ba ya yi mata komai, ga araha, sai dai fenti da gam ba sa kama ta sai da dabara, kuma in ta daɗe a rana takan koɗe ta yi toka-toka. Gilashin fitila kuwa yawanci wata roba ce daban, folikabonet, mai jure duka, wadda ke yin ruwan ɗorawa in rufin da ke kare ta daga rana ya gushe.

Yanzu kawo waɗannan robobi Kumasi. Roba tana buɗewa da zafi ninki shida zuwa takwas fiye da ƙarfe. Murfi mai tsawon santimita 60, mai duhun launi, da aka ajiye a rana daga sanyin asuba zuwa azahar, zai iya ƙara kusan milimita 2, alhali ƙarfen da aka ɗaure shi a kai ko rabin milimita bai ƙara ba. Wannan ne dalilin da ya sa wasu ramukan sukuru suke da tsawo maimakon zagaye, ake kuma sa musu zoben danƙo da sukuru mai kafaɗa, don robar ta samu wurin numfashi. Ranar da zoben ya ɓace, yaron shago ya sa sukurun da ya samu ya ɗaure tamau da kyakkyawar niyya, ranar aka fara tsagewar, ko da sai bayan watanni za ta bayyana. Ga damina biyu a shekara, babba da ƙarama, ruwa na shiga ta ramin hon ya kwanta a kan mahaɗar wayoyi in ba a bar masa mafita a ƙasa ba. Jar laka tana cushewa tsakanin taya da murfinta in tazarar ta yi kaɗan. Hunturu ya zo da ƙura, ta shige tsakanin murfi da murfi tana gurzar su a hankali har su yi sako-sako. Akwai kuma wani ɓarawo da ba a cika lura da shi ba: man birki. Kwalbarsa tana kan hannun dama, daidai saman murfin kai, kuma ɗigo kaɗan in ya zauna a kan ABS yakan cinye fenti ya sa robar ta yi ta tsattsagewa. In ana ƙara man birki, a shimfiɗa tsumma, abin da ya zuba kuma a wanke da ruwa nan take.

Sai lodi. Ƙugiyar da ke garkuwar ciki, a yawancin sikutoci, an yi ta ne don abin da bai wuce kilo 3 ba, ledar cefane ko jaka. Mu kuwa a nan ake jingina tukunyar gas, a nan ake dasa galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar roba, cike da ruwa, mai nauyin kilo 20 ko fiye, yana dukan garkuwa a kowane rami. A nan kuma ake tsayar da yaro a kai shi makaranta, fuskarsa daidai makulli. Wannan ɗabi'a ba na goyon bayanta ko kaɗan, amma tunda ana yi, mai tsara garkuwar da za ta zo nan bai kamata ya bar kaifi ko tsini a wannan tsayin ba.

A ganina, kunnuwan da suka karye a shagon gyara sun fi waɗanda suka karye a titi yawa. Ba laifin makanikai ba ne kacokan. In ƙwan fitila ya mutu ko hon ya daina kuka, a wasu sikutocin sai an kwance murfi uku kafin hannu ya kai, kuma kowane murfi yana da nasa gefen da ake zame shi kafin a ɗaga, ga sukuru ɗaya da aka ɓoye a ƙarƙashin wani abu. Mai babur na tsaye a ka yana cewa, "Masta, don Allah yi sauri, zan ɗauko yara." Masta ya ce wa yaronsa ya cire, yaro ya ja, ƙas! Zanen da ya ɓoye sukuru don kyan gani, ya kuma binne abin da ake yawan canzawa a can ciki, shi ya jawo wannan ƙarar.

Murfin canji da ake samu a kasuwa kuma yana da tasa matsalar, wadda lissafi ne zalla. Roba tana tsukewa in ta huce: ABS wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari, PP kuwa kashi ɗaya zuwa biyu ko fiye. Kamfanin asali ya yanka mazubinsa da wannan lissafi. Mai kwaikwayo kuwa sau da yawa daga jikin murfin da aka gama yake aunawa, ya zuba robar da ta sawwaƙa, wani lokaci haɗe da tsohuwar da aka niƙa aka sake narkawa. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a santimita 60 milimita 6 ne. Shi ya sa rami uku za su hau, na huɗu ya ƙi, a matsa shi da ƙarfi, murfin ya zauna a ɗame tun ranar farko. Araha ba ta ado. Kafin ka biya, a gwada maka shi a jikin babur ba tare da sukuru ba. In bai kwanta da kansa ba, sukuru ba zai kwantar da shi ba.

Gyaran tsaga ma daga haruffan nan yake farawa. Sufa-gulu da yashi, da ake yawan yi a bakin titi, yakan ɗan riƙe ABS, amma a kan PP ɓamɓarewa yake yi. PP sai walda da zafi, kuma da sandar PP 'yar'uwarta. ABS kuwa tana narkewa a sinadarin asiton, don haka gutsattsarinta da aka jiƙa a ciki sukan zama kunun liƙi mai kama jiki sosai. In ba rubutu, yanki ɗan ƙarami ka jefa a ruwa: PP yawanci tana tasowa, ABS tana nutsewa. Mai gyara na ƙwarai yakan fara huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya fafe ta daga ciki, ya narka ragar ƙarfe a kai. Masu bi da wuta a kan koɗaɗɗiyar baƙar roba don ta dawo baƙa wuluk, su sani kyan na ɗan lokaci ne, kuma robar tana ƙara gautsi.

To, za a iya tsara namu a nan? Hannu dai akwai. Suame Magazine da ke nan Kumasi na daga cikin manyan matattarar masu sana'ar ƙarfe da mota a Afirka. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha tun 1972, wadda ta buɗe reshe a cikin Suame a 1980, kuma a 2013 masu sana'ar wurin tare da wasu 'yan Holan suka ƙera mota mai suna Turtle. Abin da ba zai yiwu da sauƙi ba shi ne gasa da Sin a harba roba cikin mazubin ƙarfe, domin kuɗin mazubi ba ya fita sai an sayar da dubbai masu yawa. Amma masu haɗa baburan lantarki da suka fara tasowa a Accra da Kumasi ɗaruruwa suke buƙata, kuma a wannan adadi akwai hanyoyin da suka fi dacewa. Ana iya gasa falankin ABS ya yi laushi, a ɗora a kan mazubin katako, a zuƙe iskar da ke ƙasa ya kwanta ya ɗauki siffa. Kafinta mai kyau zai iya sassaƙa wannan mazubin. Illarsa ita ce ba ya fito da haƙarƙari ko turakun sukuru, kuma yana sirancewa a kwana mai zurfi, don haka siffar sai ta zama mai sauƙi, maɗauran kuma na ƙarfe. Faiba, wato zaren gilashi da ake haɗawa da gam, ma tana yiwuwa, ana gyara ta cikin sauƙi, sai dai nauyi, da kaifin tsagarta in ta fashe, da warin sinadarin da ke cutar da mai aikin in ba kariya. Falankin ƙarfe shi ne abin da Suame ta fi ƙwarewa a kai, yana lotsawa a buga ya miƙe, amma sai an yi masa shimfiɗar fenti ta kirki ciki da waje, musamman in Accra zai je inda iskar teku ke kawo tsatsa.

Da ni za a tambaya, ba zan kwaikwayi ƙirjin Asiya mai kaifi da lanƙwasa goma ba. Zan raba shi ƙanana, yadda gefen da ya fi shan guga zai zama yanki mai zaman kansa, baƙi marar fenti, a canza shi kaɗai in ya lalace. Sukuru duk su zama iri ɗaya kuma a fili, masu shiga cikin noti na ƙarfe ba cikin roba ba. Batir, fis da hon su samu 'yar ƙofa da ake buɗewa da sukuru biyu. Ƙugiyar kaya a ɗaure ta a jikin wuyan ƙarfe, a kuma sa sandar ƙarfe a ƙasan garkuwa inda galan ke duka. A ƙara tazarar murfin taya saboda laka, a dawo da leɓen gefe. Launi mai haske ya fi, don ba ya ɗaukar zafi kamar baƙi kuma direban tirotiro ya fi ganinsa da magariba.

Kafin a buga na biyu kuwa, na farkon sai ya ga damina da hunturu a ƙarƙashin mai kai saƙo da ke yini a hanya, da kuma uwar gida mai zuwa kasuwa da lodi. Bayan haka a miƙa shi ga yaron shagon da bai taɓa ganinsa ba, ba tare da an nuna masa komai ba, ya kwance ya ɗaura sau goma, mai zanen na tsaye da takarda yana rubuta duk inda hannun yaron ya tsaya da duk abin da ya karye.